Ranar da Baba Ya Mai da Ni Tsafe

Na Allah ne mu, kuma komai daɗewa wurinsa za mu koma. Baba ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, a ɗakinsa na Bungudu, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba.

Ni ina cikin gida tare da mata, don haka abin da ke faruwa a ƙofar gida sai dai a shigo mana da labarinsa. Direbobin tashar Gusau sun zo mota guda, suka yi addu'a suka juya, don ranar aiki ce. Wata tsohuwa mai sai da daddawa ta taso tun daga Wonaka, ta zauna kusa da Inna tana share hawaye, ta ce ita ba ta san shi da kansila ba, ta dai san shi da mai tsayar da mutum gaisuwa har rana ta dake shi. Muka yi dariya cikin kuka, don duk mun sha wannan ranar. Surukina kuwa, mahaifin maigidana, wanda duk ƙasar nan ta sani da babban abokin hamayyar Baba, tun da ya iso daga Tsafe bai zauna wurin baƙi ba. Tabarmar masu karɓar gaisuwa ya hau, tsakanin Yayana da ƙannen Baba, kwana uku cur. Mutanen jam'iyyarsa suka riƙa zuwa suna rasa inda za su sa fuska, ga shugabansu yana amsa "ya haƙuri" da jajayen idanu.

A rana ta biyu ne wata mata daga cikin mutanen jam'iyyar Baba ta dafa kafaɗata, ta ce, "Mutumin kirki na, Allah shi jiƙan shi. Siyasa ta dai bai iya ba." Ta faɗa ne da nufin lallashi, na sani. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har yau, kuma ita ta sa na ɗauki biro. Abin da suke kira rashin iya siyasa, ni aka yi wa shi. Ba don shi ba, da yanzu ni bazawara ce a ɗakin Inna, ɗiyata ta fari kuma tana can Tsafe a hannun wasu.

Baba tsohon malamin gona ne, shi ya sa har ya rasu Malam ake ce masa. Yana ɗingishi da ƙafar hagu, kurkunu ne ya ci masa ita tun yana saurayi. Ba zan ce waliyyi ba ne, don Inna na raye, za ta ƙaryata ni. Ban taɓa ganin mai kafiya irinsa ba. In ya ce yau za a yi ruwa, aka wuni rana na ƙwallewa, sai ya ce an yi shi a Mada. Gardama ita ce abincinsa, kuma ba ya ƙoshi. Abin da ba ya yi shi ne zagi. Ko akuya ce ta shiga rumbu, "baiwar Allah" zai ce mata kafin ya kore ta da sanda. In ya fasa goro, ɓarin da ya fi girma yake miƙa wa wanda suke musu da shi, ya ci gaba da musun daga inda ya tsaya.

Na yi shekara uku da aure a Tsafe, ina koyarwa a makarantar firamare, aka yi gyaran ƙananan hukumomi. Bungudu da Tsafe duk majalisa ɗaya suke zama a Gusau. Mutanen Bungudu suka tura Baba, mutanen Tsafe suka tura surukina. Ranar da labari ya zo mata suka yi ta guɗa, wai na zama 'yar kansila kuma surukar kansila. Ban san wahala aka yi mini wa guɗa ba.

Tun zaman farko suka saɓa, kuma ba su ƙara shiryawa a kan komai ba. Rabon taki, gyaran hanya, wurin da za a haƙa rijiya, in wannan ya ce gabas, wancan yamma zai ce. Ni kaɗai ce a duniya nake jin kowace rigima sau biyu. A Tsafe in ji yadda Alhaji, wato surukina, ya tashi ya ƙure Malam har ya rasa ta cewa. In na je Bungudu ganin gida in ji yadda Malam ya ƙure Alhaji har gumi ya keto masa. Rana ɗaya, zaure ɗaya, magana ɗaya, amma kowane gida da nasa gwanin. Na koyi yin shiru da gyaɗa kai.

Wani abu dai duka gidajen biyu sun yarda ana yin sa. Duk ranar zaman majalisa, in Baba ya sauka a tashar Gusau, ba ya wucewa sai ya biya rumfar wani mai goro inda surukina ke sauka. Ya gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da dokinsa. Sannan ya ce, "Alhaji, yau za ni taɓa ka cikin majalisa, kuma ba kaɗan ba. Na biyo in shaida maka, kar ka ji daga sama." Surukina ya ce, "Taɓa, Malam. Ni ma na taho da nawa." Su jera su tafi. A ciki Baba ba ya zama sai surukina ya zauna, don ya girme shi da shekara biyar. In ya miƙe zai yi magana, da "Alhaji babba na gare ni" yake farawa, sannan ya bi maganar Alhajin ya wargaza ta ɗaya bayan ɗaya.

Babbar rigimarsu a kan ɗakin shan magani aka yi ta. Guda ɗaya majalisa za ta iya ginawa a shekarar. Baba yana son a kai shi wani ƙauye bayan Bungudu inda rafi ke yanke mutane da damina, surukina yana son a kai shi wajen 'Yandoto, kusa da Tsafe. Wata biyu ana ja. Da aka ɗaga hannu, Baba ya sha kaye. Ya dawo gida bai ci tuwo ba, Inna ta ce kwana uku ba a jin muryarsa, wanda a gidanmu wannan babban ciwo ne. Amma ranar buɗe ginin ya sa babbar rigarsa ya tafi 'Yandoto, ya zauna a sahun gaba, ya yi addu'a, ya yaba aikin magina. Da za su rabu ya riƙe hannun surukina ya ce, "Gini ya yi kyau, Alhaji. Wurin dai har gobe ba daidai na ba."

Yayana, wanda shi ne babba a ɗakinmu, abin nan na ƙona masa rai. Mai zafin zuciya ne, irin wanda ke fara faɗa kafin ya ji dalili. Ya ce wa Baba, "Mutum ya kada ka, ka tahi kana tafa mai?" Baba ya ce, "Mutumin da za mu zamna ɗaki guda mako mai zuwa, ba ni hwaɗa mai abin da zai hana mu haɗa ido." Akwai ma wani mawaƙi da ya taɓa zuwa ƙofar gidanmu ya ce ya shirya wa Alhajin Tsafe zambo mai zafi. Baba ya sa aka kawo masa fura ya sha, ya ce in waƙa yake ji ya yi wa gero, shi ke ciyar da mu duka.

Sai aka buɗe siyasar jam'iyyu. Ba sai na faɗa ba, Baba ya shiga wannan, surukina ya shiga waccan, kowanne aka ba shi shugabancin gundumarsa, kuma kowanne mutanensa na cewa shi za a tsayar shugaban majalisa in lokaci ya yi. Gari ya canza. Maƙwabta suka daina aika wa juna tuwo. Na san wanda ya canza masallaci saboda liman. A gidan aurena, in na shigo tsakar gida sai hira ta mutu.

Ana saura mako biyu zaɓe, damina ta kankama, makaranta na hutu, na je kasuwa sayen kayan miya. Sai ga motar maigidana, wadda yake haya da ita tsakanin Tsafe da Gusau, an ɗaura mata lasifika da tutoci, shi ne a kan sitiyari. A baya wani mawaƙi ne da 'yan amshinsa. Da fari ban gane ba, har na ji mata suna kallona suna kau da kai. Ƙafar Baba yake yi wa waƙa, wai mai ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya ina zai kai jama'a. Samari na kwaikwayon tafiyarsa ana shewa. Sai ya sako ni ciki, wai Malamin Bungudu ya riga ya kawo ɗiyarsa toshi, saura ya kawo ƙuri'arsa.

Ban san yadda na kai gida ba. Da maigidana ya shigo cin abinci na tare shi. Ya ce, "Siyasa ta, ke ma kin sani. Ni tuƙi kawai nika yi." Na ce, "Kunnuwanka gida ka bar su da za ka hita?" Ya ce in rage murya. Ban rage ba, gadon Baba ne. Na goya jaririna, na ɗaure 'yan tufafina, na nufi tasha. Ɗiyata ta fari, mai shekara huɗu, kakarta ta riƙe mata hannu a soro. Ban isa in ɗauke ta ba, kuma na san haka. Tana kirana na fita ban waiga ba, don in na waiga ba zan tafi ba.

Yaji dai kowa ya san ƙa'idarsa. Mace ta koma gidansu, dangin miji su biyo ta da goro, su zauna ƙasa a zauren ubanta su ba da haƙuri, a yi wa kowa faɗa, a mai da ita da mutuncinta. Kwana biyu, uku, an gama. Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Na manta lokacin da muke ciki.

Yayana ya karɓe ni kamar an kawo masa kyauta. Kafin magariba duk Bungudu ta ji, kuma ya aika Tsafe cewa ba za a saurari kowa ba sai Alhaji da kansa ya zo ya durƙusa. Can kuma mutanen surukina suka ce in ya taka Bungudu biko ana gab da zaɓe, za a ce ya je mubaya'a ne, an gama da su ke nan. Kwana biyar, ba kowa. Kwana takwas, ba kowa. A rana ta goma wata ƙawata ta aiko mini cewa baffannin maigidana sun zaunar da shi, sun ce ya rubuta takardar saki ya huta, mata ba su ƙare ba. Ya ƙi, amma ta ce ba ta san kwana nawa zai iya ƙi ba.

A nan tsoro ya kama ni. Fushina na nan, amma in takardar nan ta zo, ɗiyata ta zama ta Tsafe, ni kuma sai dai in riƙa ganinta da salla. Na daina cin abinci. In jaririna ya yi kuka, muryar yayarsa nake ji.

Duk kwanakin nan Baba bai ce mini komai ba bayan gaisuwa, yana ta yawon ƙauyuka neman jama'a. A rana ta goma sha ɗaya da safe ya aiko Inna ta kira ni. Yana zaune kan buzunsa yana shan koko.

Ya ce, "Mi anka yi miki can?"

Na ce, "Ni ba a yi min komi ba, Baba. Kai anka yi ma."

"To ni na aike ki yaji?"

Ya miƙe ƙafar ya dube ta, ya ce, "Ƙahwar ga tawa ta, shekara arba'in nika jan ta. Mawaƙin ga bai yi ƙarya ba, ɗingishi nika yi. Inda yas saka ki ciki, nan yay yi laihi, kuma wanga ni da Alhaji za mu yi maganar shi." Ya ajiye ludayi. "Tambaya guda za ni yi miki, kuma kar ki duba ni, kar ki duba Yayanki. Kina son gidanki?"

Na sunkuyar da kai don kunya. Hawaye suka amsa masa. Ya ce, "To ɗauko mayahinki."

Da Yayana ya gane abin da ake shirin yi, ya tsaya a bakin zaure. Ya ce ba a taɓa yi ba, uba ya ɗauki ɗiyarsa ya mai da ita ba biko, kuma saura kwana uku zaɓe. Ya ce, "Baba, in anka gan ka Tsahe yau, mun hwaɗi. Wallahi mun hwaɗi." Baba ya ce, "Mai yiwuwa na. Matsa in wuce."

Gaskiya zan faɗa, a cikin motar nan haushin Baba nake ji. Macen da aka mayar ba biko, har ta tsufa ana yi mata gori. Daga Bungudu zuwa Gusau kuka nake yi a cikin mayafi. A tashar Gusau muka canza mota, direbobi na ta gaishe shi suna tambayar ina za shi, yana ce musu Tsafe, da ƙarfi, kamar ba komai. Na ga yadda suke kallon juna. Kafin motarmu ta cika na san labari ya riga mu tashi.

Da muka isa Tsafe, ranar kasuwa ce kuma. Akwai hanyar bayan gari da za ta kai mu gida ba wanda ya gan mu, na nuna masa. Ya ce shi bai saba da ita ba. Ta tsakiyar kasuwa ya bi, yana gaba da sandarsa yana jan ƙafa, ina biye da goyo da ƙunshin kaya. Samarin jam'iyyar surukina na zaune gindin wata bishiya da tutocinsu. Ɗaya ya fara rera waƙar, biyu suka amsa. Baba ya karkata ya nufe su. Ya yi sallama, ya miƙa wa kowanne hannu, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi iyayensu, har ya gane ɗan wani da suka yi aikin gona tare, ya ce a gaishe shi. Gaisuwar nan tasa da ba ta ƙarewa, ranar na ga amfaninta. Kafin ya gama duk sun miƙe tsaye, mai waƙar yana ta kallon ƙasa.

Ba mu kai ƙofar gida ba surukina ya fito, ba hula, takalmi a hannu. Tunda nake ban taɓa ganin kansa ba hula ba. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya ce, "Malam, mi kay yi min haka?"

Baba ya ce, "Ɗiyarka na kawo maka, Alhaji. Ta daɗe."

Surukina ya juya ya dubi jama'a. Mutane sun taru, nasa ne duka, wasu har murna ta fara bayyana a fuskarsu, ga Malamin Bungudu ya kawo kansa. Sai ya ce, "A'a. Ba ta shiga." Ya ce, "Ba a maido min ɗiyar mutunci awa kayan da anka ƙi saye kasuwa. Ni ad da zuwa, ban zo ba. Ka kunyata ni, Malam, kuma ni na ja." Ya juya ya daka wa maigidana kira, ya ce ya kwance lasifikar nan da tutocin, ya kawo mota. Wani daga cikin manyan jam'iyyarsa ya matso yana cewa, "Alhaji, saura kwana ukku hwa." Ya ce, "Na iya ƙirga."

Ruwa kawai aka ba ni na sha a tsaye. Kakar yara ta fito da ɗiyata, ta ruga ta ƙanƙame ni, aka ce a tafi da ita. Haka muka juya Bungudu a ranar, a motar da aka zagi Baba da ita. Tsofaffin biyu na gaba kusa da direba, ni da yara da gwaggon maigidana muna baya kan tabarma, da ƙwaryar goro. Tagar baya ba gilashi, ina jin su. Ko Gusau ba mu kai ba suka koma kan ɗakin shan magani. Baba na cewa rafi, surukina na cewa yawan jama'a, murya na tashi, maigidana ya ƙanƙame sitiyari. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Waɗanga mutane lahiyarsu ƙalau?" A nan na yi dariyar farko cikin kwana goma sha ɗaya.

Da la'asar muka iso. Baba ya shiga zaure ya zauna kan buzunsa kamar bai je ko'ina ba. Surukina ya tsaya waje ya yi sallama sau uku, sai da aka ba shi izini. Ya tuɓe takalmi, aka nuna masa tabarma ya ƙi, ya zauna a ƙasa, maigidana a bayansa. Rabin Bungudu na leƙe. Ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce, "Malam, mun yi laihi, mun zo biko. Da bakin yaranmu anka ci mutuncin ɗiyarka, da motar gidana, ni kuma na ji ban hana ba. A yi muna haƙuri." Yayana, da ya nemi ganin wannan rana ido rufe, sai ga shi ya rasa inda zai duba. Shi ya tashi da kansa ya jawo tabarma ya tura ƙarƙashin tsohon.

Baba ya yi wa maigidana faɗa, gajere, ya yi mini nawa ta bayan ƙofa, wanda ya fi tsawo. Ya sa aka sake tambayata a gaban kowa ko zan koma, na ce zan koma. Surukina ya ce mawaƙin fa, me Malam yake so a yi masa. Baba ya ce, "Sana'ar shi ta, a bar shi ya ci abinci. A hidda ɗiyata cikin waƙar, a bar ƙahwa." Aka fasa goro, aka shafa fatiha. Da Baba ya rako su bakin mota surukina ya ce, "Malam, kar ka ga wanga ka ɗauka mun yi sanyi. Kada ku za mu yi." Baba ya ce, "Ku dai gwada."

Sun kuwa kada jam'iyyar Baba, har a cikin gundumarsa. Ko tafiyarmu ce ta jawo, ko dama haka za ta kasance, Allah kaɗai ya sani. Amma mutanensa sun sami wanda za su ɗora wa. Rabin labarin suka riƙe, an ga Malam a Tsafe ana saura kwana uku, ya je ya miƙa wuya. Rabin da Alhaji ya zauna a ƙasa ba wanda ya so tunawa. Shi surukina an yi masa 'yan gunaguni aka manta, mai nasara ba a daɗe ana fushi da shi. Baba kuwa aka taru a Gusau, ba a ko gayyace shi ba, aka ba wani shugabancin gunduma. Maganar shugaban majalisa ta mutu. Zauren da ba a samun wurin ajiye takalmi ya koma daga shi sai rediyonsa. Inna ta ce yakan sa a share a shimfiɗa tabarmi kamar kullum, da azahar a naɗe su ba wanda ya zauna.

Na yi makonni ina jin nauyin zuwa. Da na daure na je, na same shi shi kaɗai yana ɓarar gyaɗar farko. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi gaisuwarsa har ƙarshe, har dokin Alhaji. Sannan na ce, "Baba, ni na ja maka wanga abu. Da na yi haƙuri ban taho ba."

Ya ci gaba da ɓara. Na ce, "Ka san Alhaji zai biyo mu?"

Ya ce, "Ina na sani? Na dai san shekara ukku muna hwaɗa ban taɓa ba shi kunya ba, shi ma bai ba ni ba. Na ce mu gani." Ya watsa ɓawon a ƙwarya. "Ba ni yi miki ƙarya, abin ya yi min zahi. Ina son kujerar ga, kuma da na iya ta hiye da shi. Amma zaɓe ana sake shi. Shekara huɗu ta, kamar gobe, mu sake karawa in kada shi. Ke in takardar ga ta zo, wa zai sake miki ɗiyarki?"

Ya tura mini gyaɗar gabana ya ce in kai wa yara. Na so in yi godiya, amma na ce a raina sai wani zuwan. Wata biyu da 'yan kwanaki ya ƙara a duniya, kuma zuwan da na sake yi, ya riga ya daina gane mutane.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da ɗingishinsa da gardamarsa. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata masa makwanci, ka karɓe shi da fuskar da ya riƙa karɓar masu ja da shi. Ina rubuta wannan a ɗakina na Tsafe, ɗiyata na zaune gefena tana koyon rubuta baƙaƙe, tana damuna da tambayar yadda ake yin wannan da wancan. Baba, na gode.